Asabar: na bi sawun sako-sakon sitiyari

Wunin yau gaba ɗaya na ba wa Land Cruiser ɗina, samfurin 80, irin wanda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997. Sitiyarinta ya jima yana damuna. A miƙaƙƙiyar hanya hannuna ba ya hutawa, in ɗan karkata hagu, in ɗan karkata dama, don kawai ta tsaya a layinta. Idan taya ta faɗa rami kuma, gaban motar sai ya kaɗa kafin ya nutsu. Motar da ke ɗaukar iyali ba ta cancanci a zuba mata ido a haka ba.

Iskar tayoyi daidai take, notocin ƙafa a ɗaure. Na miƙar da tayoyin gaba, na tayar da inji, na liƙa ɗan tef a bakin sitiyari, na juya a hankali har taya ta fara motsi. Tef ɗin ya yi tafiyar kusan santimita 7 a banza. A irin waɗannan motoci, abin da ake yarda da shi bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba.

Ƙanena da ya zo taya ni ya ce, "Yaya, mu ɗaure sukurun akwatin sitiyari mana, a huta." Akwatin shi ne ke mayar da juyin sitiyari ya zama motsin tayoyi. Na ce masa a'a, shi ne zai zo ƙarshe. Wannan sukurun yana matsa haƙoran cikin akwatin ne su ƙara haɗuwa, kuma haƙoran sun fi cinyewa a tsakiya, inda sitiyari ya fi zama. In ka matse har wasan tsakiyar ya ɓace, sai ya riƙa cijewa idan ka sha kwana, ya ƙi komawa da kansa. Ga shi kuma ainihin abin da ya lalace yana nan a ƙasa ba ka taɓa shi ba.

Muka ja birkin hannu, muka tokare tayoyin baya. Gwajin farko dole nauyin mota ya kasance a ƙasa, domin in taya tana lilo a sama babu abin da zai turje wa gaɓoɓin sitiyarin, wato mahaɗan sandunansa, har su nuna rauninsu. Ƙanena yana ciki yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, ni ina ƙasa da tocila ina bin hanyar da motsin ke bi: sandar sitiyari, akwati, hannun da ke fitowa daga akwatin, doguwar sandar da ke jan ƙafa, sai tayrod da ke haɗa ƙafafun biyu. Ido kaɗai ba ya isa. Na riƙa dafa kowace gaɓa da tafin hannu, domin hannu yana jin ɗan "ƙas" ɗin da ido ba ya gani. A gaɓar da ke bakin hannun akwatin na same shi: hannun ya fara tafiya, sandar ta ɗan jira kafin ta bi. Robarta ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga.

Ban tashi daga nan ba, don tsohuwar mota ba kasafai take da ciwo ɗaya ba. Da na kalli sandar da ke riƙe aksul ɗin gaba, wato ƙarfen da tayoyin gaba ke kansa, kada ya zame gefe, sai na ga jikin motar yana ɗan gocewa a kan aksul ɗin duk lokacin da ƙanena ya kaɗa sitiyari. Bushin ɗinta, wato robar da ke bakin sandar, ya tsattsage. Shi ne, a ganina, ke kawo kaɗawar nan bayan rami. Da yawa suna canza ɗan shokozobar sitiyari su ce sun gama, alhali aikinsa rage girgiza ne kawai, ɓoye ciwon yake yi.

Bayan haka muka ɗaga gaba da jak, muka ɗora a kan ƙarafan tokara. Na kama taya sama da ƙasa na jijjiga. Ta dama shiru, ta hagu tana ɗan motsi. Na ce, "Taka birki ka riƙe." Motsin ya ɗauke, wato boris ɗin ƙafa ne ya saki. Da ya ci gaba duk da birkin, da sai in zargi boris ɗin da ƙafar ke juyawa a kansu, kuma wannan aiki ne babba. Na share shasi a inda aka ɗaure akwatin na haska sosai, babu tsaga, notocin ma ƙam suke.

Gobe zan nemo gaɓar da bushin, in buɗe ƙafar hagu in duba boris ɗin kafin in ɗaure shi. Zan ƙirga zaren tsohuwar gaɓar kafin in kwance ta don sabuwar ta zauna a wurinta, sannan a daidaita ƙafafun a na'ura. Sai na sake awo da tef zan san ko akwatin yana buƙatar taɓawa. Kafin nan motar ba za ta hau titi ba.