Ƙadangarenmu da sanyin dare a Manchesta

Na tashi a Zariya ina ganin ƙadangaru suna shan hantsi a kan katanga, babu mai kula da su. Ban taɓa zaton wata rana zan riƙa tashi cikin dare ina duba ko ƙadangare na jin sanyi ba. 'Yata ce ta nace, muka sayo ƙadangare mai gemu, irin na busasshiyar ƙasar tsakiyar Ostireliya. Dangi ɗaya ne da ƙadangarun gida, shi ya sa har gyaɗa kai yake yi kamar su.

Lafiya lau muka zauna da shi har Disamban 2022, lokacin da sanyi mai tsanani ya sauko a Ingila, ga kuɗin gas ya hau, muka koma kashe hitar gida da dare. Wata safiya yarinyar ta shigo a firgice: "Baba, ba ya motsi." Na tarar da shi a lungun akwatin da muke ajiye shi, jikinsa ya yi duhu, gemunsa baƙi ƙirin. Na saka masa gyare, ko kallo bai yi ba.

Abin da na fara yi shi ne lulluɓe shi da tsumma mai kauri, kamar yadda za ka yi wa yaro. Bai amfana da komai ba. Bargo yana riƙe ɗumin da jiki ya samar ne, shi kuwa jikinsa ba ya samar da ɗumi, daga waje yake samu. Daga nan na sayo jan ƙwan fitila da aka ce na dare ne. Akwatin ya yi ɗumi, amma duk sanda na leƙa sai in ga idonsa biyu. Likitar dabbobi ce ta bayyana mini cewa suna ganin launi sarai, kuma akwai ɗan tabo a tsakiyar kansu mai jin haske, don haka jar fitila barci take hana su. Ta kuma hana ni sayen dutsen nan mai lantarki da suke kwanciya a kai, domin yakan ƙona musu ciki ba su ankara ba.

Sai ta tambaye ni, nawa ne zafin akwatin da asuba? Na yi shiru, don ban taɓa aunawa ba. Washegari da na tashi salla na duba ma'aunin da na sayo: digiri 12. Bai kamata ya sauka ƙasa da wajen 15 zuwa 18 ba.

Maganin ƙwan tangaran ne, wanda ke fitar da zafi babu haske. Na ɗaura shi a sama cikin ragar ƙarfe don kada ya taɓa, na haɗa shi da na'urar daidaita zafi, na sa ta a kan 18. Wannan na'urar ba abin wasa ba ce, don ƙwan yana yin zafin da zai ƙona hannu. Akwatin ma mun janye shi daga jikin taga.

Na so in ƙara zafin, tausayi na ja na, amma likitar ta ce a'a. Zafi mai yawa, kamar digiri 40, na wurin da yake shan ɗumin fitila ne, da rana. A ƙasarsu dare na da sanyi, kuma jikinsa na bukatar wannan saukar. Abinci kuma mun mai da shi safe, bayan ya ɗumama a ƙarƙashin fitila, saboda ba ya narkar da abin da ya ci sai da zafi.

Ya yi kwanaki kafin ya koma cin abinci. Ranar da ya cafke gyaren farko, 'yata ta kira mahaifiyarta daga kicin ta zo ta gani. Har yanzu, daga Nuwamba zuwa Maris, ina leƙa ma'aunin kafin in yi alwala.