Memwar ɗina da shagon PlayStation na bayan gidanmu

Ranar da na ce ma malamina ina so in yi memwar ɗina, wato binciken gama karatu, kan wasan bidiyo da koyon karatu, dariya ya yi tukuna, sannan ya ce je ka karanta James Paul Gee. Masanin harshe ne ɗan Amurka, a 2003 ya fito da littafi inda ya jera ƙa'idodin koyo 36 da ya gano cikin wasanni. Abin da ya kama ni shi ne inda ya ce in ka buɗe littafin bayanin wasa ba ka taɓa bugawa ba, ba ka fahimtar komi, amma in ka buga ka dawo sai kalmomin su zamo maka ƴan gida.

Sai na nufi wani shago nan Tahoua, ɗaki guda, tele biyu, dala ashirin wasa ɗaya. Na zo da takardun tambayoyi da bik kamar mushen lakwal, yara suka yi tsit, ɗaya ma ya sulale don ya ɗauka babansa ya aiko ni. Kwana uku ban samu komi ba, har mai shagon ya ce babban yaya don Allah aje kayen nan ka kama manet. Na kama, wani ɗan CM1 ya zuba min biyar ba ko ɗaya a wasan ƙwallo, daga ranar ne bakinsu ya buɗe.

Yaron nan a lakwal an ce bai iya karatu ba, amma ga shi yana ratsa menu na Faransanci kamar hanyar gidansu, ya san remplacement, ya san prolongation, yana ma gardamar hors-jeu da manya. Wallahi na ji daɗi, har na fara cewa na samu abin da nake nema. Kashegari na rubuta prolongation a takarda na miƙa masa, ya juya ta ya juya, ya ce bai san ta ba. Ashe wurin da kalmar take zama a tele ya riƙe da kalarta, haruffan bai kula da su ba. Ma'anar kam ya sani sarai, in ka faɗa da baki zai yi maka bayani ya fi mushe.

Masu Free Fire, wasan harbi a waya, daban suke, su dole su rubuta ma abokan wasa kuma in ka yi jinkiri an kashe ka, to su suna karatu da gaske ko da rubutun a karkace yake.

Daga baya na karanta labarin GraphoGame, wanda Heikki Lyytinen da abokansa suka ƙera a Finlan, wasa ne da ke haɗa harafi da sautinsa kai tsaye, an gwada shi har a Zambiya cikin harshen yaran. A shagonmu ba wasa ko ɗaya da Hausa, wannan ya ci min rai sosai.

Babi na biyu duka na sake shi. Yaron kuwa da aka ɗauke wuta wata rana ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce yaya rubuta min waccan kalmar in gani kuma.