Ƙaruwar kuɗin hidima a banki: daga ina ta fito?

Banki yana samun kuɗin shiga ta manyan hanyoyi biyu: ruwan da yake ɗorawa a kan rance, da cajin da yake karɓa a kan hidima. A sashen da ke hulɗa da ɗaiɗaikun mutane, kaso na biyun ya ƙunshi kuɗin kula da asusu, da na tura kuɗi, da kamashon sayar da inshora, da ɗan abin da ake yanka a hannun ɗan kasuwa duk lokacin da aka biya shi da kati. Shugabannin bankuna suna ji da wannan kaso, domin ba ya hawa da sauka tare da kuɗin ruwa yadda ribar rance take yi.

A ganina, jimillar da ake gabatarwa duk bayan wata uku ba ta isa a yi murna da ita ba sai an feɗe ta. Idan aka ce caji ya ƙaru, dole a bambance ko abokan hulɗa ne suka yawaita, ko waɗanda ake da su ne suka ƙara amfani da asusunsu, ko kuwa farashi kawai aka ɗaga, domin ƙaruwar da ta zo ta ɗaga farashi takan lafa da zarar shekara ta zagayo. Haka kuma, a kan asusun da ke motsi ya kamata a raba jimillar, ba a kan duk wanda aka buɗe ba. A 2016 an ci bankin Wells Fargo na Amurka tarar dala miliyan 185 bayan an gano cewa ma'aikatansa, saboda matsin lambar cika adadin da aka gindaya musu, sun yi ta buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba.

Sai batun abin da ya rage a hannu. Kuɗin da kati ke kawowa akwai rabon Visa ko Mastercard a ciki, akwai garaɓasar da ake ba mai katin, akwai kuma abin da ake mayarwa idan an kawo ƙorafi. Wanda bai cire waɗannan ba, lissafinsa na dokin rano ne.

Abin da na fi sa wa ido shi ne raba cajin da mutum ya biya da son ransa da wanda ya biya a matsayin tara, kamar na cirar abin da ya wuce kuɗin da ke asusunsa. Irin wannan kuɗi daga aljihun masu ƙaramin ƙarfi ya fi fitowa, kuma shi ne ya fi saurin zubewa: a 2022 Bank of America ya rage wannan tara daga dala 35 zuwa 10. Hukuma ma tana iya rage kuɗin kati da doka guda, kamar yadda Tarayyar Turai ta yi a 2015, inda ta ƙayyade kason bankin da ya ba da kati a kan kashi 0.2 cikin ɗari na kuɗin cinikin da aka yi ga katin cirar kuɗi, da kashi 0.3 ga katin bashi. Shi ya sa a rahoton wata-wata nake so in ga kowane caji a layinsa, a gefensa kuma adadin ƙorafin da ya jawo da na asusun da aka rufe a wannan watan.