Yadda Ake Saurin Huce Kofi Ɗaya na Ruwan Zafi Ba Tare da Kashe Kuɗi Ba

Mutum ya tafasa ruwa, yana son ya huce yanzu-yanzu, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ya jefa kofin cikin firij. Wannan kuwa yana cikin hanyoyin da suka fi jan lokaci. Abin da ke cikin firij iska ce mai sanyi, iska kuwa raguwa ce wajen ɗaukar zafi: ruwa ya fi ta iya janye zafi fiye da sau 20. Kofin zai zauna yana turiri, ya ɗumama abincin da ke kusa da shi, ya tara raɓa a bango, ruwan kuma da sauransa.

Bari mu ɗauki kofi mai mililita 250, zafinsa digiri 95, muna so ya sauko 40, wato ɗumin da baki zai iya ɗauka. Kowane giram na ruwa sai ya fitar da jul 4.18 kafin ya sauka da digiri ɗaya (jul shi ne ma'aunin yawan zafin da abu ya ɗauka ko ya fitar). Lissafin ya kama jul dubu 57 da ɗoriya. Wannan zafin dole ya sami wurin zuwa, kuma wuraren uku ne: tururi, jikin mazubi, ko wani abu mai sanyi da aka haɗa da shi.

A fara da shimfiɗa ruwan. Bakin kofi mai faɗin santimita 7 kimanin murabba'in santimita 38 ne kacal. Juye ruwan a faranti mai faɗin santimita 25, fuskarsa ta kai kusan 490, ninki 13 ke nan, zurfinsa kuma ya koma rabin santimita. In farantin na alminiyam ne mai nauyin giram 300, ƙarfen kaɗai zai shanye kusan digiri 14 kafin iska ta yi nata aikin. Sai a kunna fanka ko a fifita. Amfanin fifitar shi ne korar damshin da ke kwance a saman ruwan, domin sabon tururi ya sami hanyar tashi, kuma kowane giram da ya tashi yana tafiya da jul fiye da 2,200. Shi ya sa murfi abokin gaba ne a nan.

Sheƙa ruwa daga kofi zuwa kofi ma haka yake aiki, ruwan yana miƙewa siriri yana haɗuwa da iska. A yi shi a kan wurin wanke-wanke, da kofuna masu mariƙi, kada a ɗaga hannu da yawa tun ruwan yana kusa da tafasa. Ƙunar ruwan zafi ba wasa ba ce.

Sai dai waɗannan dabaru suna da iyaka. Zafi yana gudu ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin ruwan da abin da ke kewaye da shi. Daga 95 zuwa 60 abin yana sauri, daga nan sai ya fara jan ƙafa. In iskar wurin tana da damshi, jan ƙafar ya fi tsanani.

A nan ne tsoma kofi a ruwan sanyi yake shigowa, kuma a ganina ita ce hanyar da ta fi kowace, domin ba ta taɓa ruwan da za a sha. Zuba ruwan zafin a kofin ƙarfe mara kauri, ka tsayar da shi cikin kwano mai ruwan famfo, ruwan waje ya kai tsayin na ciki amma kada ya kusanci baki. Yawan ruwan wajen shi ne magana. In yana digiri 25, lita 1 za ta tsaya da kai a wajen 39 bayan dogon jira, lita 2 kuwa za ta iya kai ka 33, don haka za ka wuce 40 da wuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye a tafi. Ruwan da ke manne da jikin kofin yana ɗumama ya zama kamar bargo. A riƙa juya na ciki da cokali mai tsabta, ana motsa na waje, in ya yi ɗumi a zubar a sake.

Mazubi yana da tasiri sosai. Alminiyam ya fi silba, wato ƙarfen nan mara tsatsa, wuce da zafi fiye da sau 10, amma in silbar ba ta da kauri bambancin ba ya damun kowa. Roba da tangaran mai kauri suna riƙe zafi. Gilashi na yau da kullum yana iya tsagewa in ya fito daga zafi ya faɗa sanyi, saboda bayansa yana tsukewa cikinsa bai tsuke ba. Gorar ruwa ta roba mara kauri kuwa tana lanƙwashewa tun zafi bai kai na tafasa ba. Kada kuma a rufe ruwan zafi a gora a girgiza, iskar ciki za ta kumbura ta feso shi a fuska lokacin buɗewa.

In ba a damu da ƙaruwar ruwan ba, ƙanƙara ta fi komai sauri. Narkewar giram ɗaya kaɗai tana cin jul 334. Kofinmu zai buƙaci kimanin giram 115 ya sauko 40, alhali da ruwan famfo za a surka, sai an zuba fiye da mililita 900. Amma a lura da jeri: in aka fara shimfiɗawa ko sheƙawa har ya sauko 60, giram 42 kacal ya isa. Ƙanƙara a ƙarshe ake sa ta, ba a farko ba. Ƙananan duwatsu ko ƙarafan da ake sayarwa a madadin ƙanƙara ba sa narkewa, saboda haka aikinsu bai fi kashi ɗaya cikin goma na ƙanƙara mai nauyinsu ba. Gishiri a kan ƙanƙara ma ɓarna ce ga mai neman digiri 40.

Wanda ya tafasa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, kada ya jefa masa ƙanƙarar da bai san ruwan da aka yi ta da shi ba, aikin baya zai koma. Ya sa ta a kwanon waje.

Madarar jarirai ta gari tana da ƙa'idarta dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama garin da ruwan da bai gaza digiri 70 ba, domin garin kansa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ke nan ba ruwan ake hucewa kafin a dama ba, madarar ake hucewa bayan an dama. A rufe fidar, a tara ta a bakin famfo ko a tsoma ta a ruwan sanyi ba tare da ruwan ya kai murfi ba, ana jujjuya ta. A goge bayanta, a ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannu. In an ji ɗumi-ɗumi ba zafi ba, ta yi.