Giya ta biyu ta daina zamewa

Alhamdulillahi yau na karɓo mashin ɗina Boxer daga wajen bakanike. Wata biyu ina fama, da na saka giya ta biyu na murɗa mai sai ta fita da kanta ta koma firi, injin ya yi ta ƙara mashin ba ya gaba, ranar da ta yi min haka a kan hawa ɗauke da buhun masara wallahi gabana ya faɗi sosai.

Na ɗauka kulos ne, na canza filet ɗin kulos ɗin, ba ta daina ba. Bakaniken ne ya ce min "Yallaɓai, sai an raba injin nan biyu." Da ya buɗe ya nuna min, ƴan haƙoran gefen giyar da ke shiga ramin ƴar uwarta sun cinye sun zama mulmulallu, ga ƙarfen da ke tura giyar ya ɗan lanƙwashe. Ya ce buga giya ba a kama kulos ba da barin baƙin mai ya tsufa su ke kawo haka.

An canza su, sabon gasket (abin da ke hana mai yoyo a mahaɗar injin), sabon baƙin mai. Kuɗi ya tafi amma har gida ba ta zame ko sau ɗaya ba.