Abin da Fassarar Labarai Ta Koya Mini Game da Launuka a Salon Maganar Ingilishi

Duk wanda ya daɗe yana fassara labaran duniya daga Ingilishi zuwa Hausa ya san cewa ba manyan kalmomin siyasa ko na kimiyya ne suka fi ba da wahala ba, domin waɗannan akwai ƙamus, kuma magabata a aikin sun riga sun daidaita a kan yadda za a faɗe su. Abin da ke tsayar da alƙalami shi ne ƙananan maganganun da kowace kalma a cikinsu sananniya ce, amma idan aka haɗa su sai ma'anar ta kama wata hanya dabam, kuma da yawa daga cikinsu a kan launi aka gina su. A shekarun da na yi a ɗakin labarai na gidan rediyo, darasin da ya fi zauna mini shi ne cewa launin da ke cikin irin wannan magana yawanci ragowar wani abu ne da Turawa suka saba gani a rayuwarsu, kamar tawada, ko zaren ɗaure takardu, ko kalanda, ko fitilar hanya. Da zarar mutum ya gano abin, ma'anar ba ta ƙara kuɓuce masa.

Shafin kasuwanci ne ya fara nuna mini haka. Idan aka ce kamfani yana “in the red”, ana nufin yana asara ko bashi ya yi masa katutu, idan kuma aka ce yana “in the black”, to riba yake samu. Dalilin bai wuce al'adar akantocin da ba, waɗanda suke rubuta asara da jar tawada, riba kuma da baƙa. Kunnen Bahaushe, wanda ya saba da baƙin ciki da baƙar wahala da baƙar aniya, ba ya tsammanin albishir daga baƙi, amma a nan albishir ne. Sai dai a wannan shafin dai ake samun “Black Monday”, wato Litinin 19 ga Oktoba, 1987, ranar da ma'aunin hannayen jari na Dow Jones ya faɗi da fiye da kashi 22 cikin 100 a yini guda, da kuma “Black Tuesday” ta 29 ga Oktoba, 1929, wadda ita ma ranar faɗuwar hannayen jari ce. Waɗannan baƙaƙen ranaku ne yadda mu ma muke fahimta. Ita kuwa “Black Friday”, ranar rububin sayayya da ke bin bikin godiya na Amurka a watan Nuwamba, 'yan sandan birnin Filadelfiya ne suka yayata sunan saboda cunkoson da ke wahalar da su a ranar; daga baya ne 'yan kasuwa suka ƙaga bayanin cewa ranar ce littattafansu ke komawa baƙar tawada. Wannan ya sa nake taka-tsantsan da labaran asali masu daɗin ji, domin sau da yawa bayan magana ta yaɗu ake ɗinka mata labari.

Ja ya fi kowane launi yawan fuskoki. “Red tape” ya samo asali ne daga jan zaren da lauyoyi da ma'aikatan gwamnatin Ingila ke ɗaure takardu da shi, har ya zama sunan duk wani jeka-ka-dawo na ofis da ke hana aiki tafiya. Mukan fassara shi da jan ƙafa, kuma sababbin ma'aikata kan yi murna su ɗauka launin ya dace, alhali kuwa wannan ja ɗin na janyewa ne, irin na jan kunne da jan hankali, ba shi da dangantaka da launi. “Red-letter day” rana ce ta musamman, saboda tsofaffin kalandun coci da ja suke rubuta ranakun bukukuwa. “Caught red-handed” ya fito ne daga dokokin Sikotland na ƙarni na 15, inda ake maganar wanda aka kama da jini a hannu, kuma mu ba mu da buƙatar launin, tunda muna da kama mutum dumu-dumu. “Red herring” kuwa wani kifi ne da aka kyafe har ya yi ja, mai ƙarfin wari, wanda ɗan jarida William Cobbett ya ba da labarin amfani da shi wajen karkatar da karnukan farauta a 1807. A labarin siyasa ko na kotu, ɓad-da-sawu ake nufi.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne “white elephant”. A ƙasar Siyam, wadda yanzu ake kira Tailan, giwa mai hasken fata abar girmamawa ce, mallakar sarki, ba a sa ta aiki. Ana ba da labari cewa idan sarki ya so karya wani bafade sai ya yi masa kyautar irinta, domin ba shi da ikon mayarwa, ba shi da ikon sayarwa, ga kuma ciyarwa da za ta cinye dukiyarsa. Ko labarin ya faru ko almara ce, ma'anar ta tabbata a kan abin da ya ci kuɗi mai yawa, yake kuma ci gaba da ci, ba tare da amfani ba. Jaridun Najeriya sun daɗe suna kiran kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da wannan suna, tunda an fara shi tun wajen 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, kuma har yau bai kai ga aikin da aka gina shi dominsa ba. Idan mai fassara ya ce farar giwa, ya juya maganar, domin a wurinmu giwa kirari ce ta girma da sarauta, fari kuma ƙarin yabo ne, sai mai sauraro ya ɗauka ana yaba aikin. Aikin baban giwa ya fi kusa, ko da yake shi ya fi nuni ga wahalar banza, bai ɗauko nauyin ciyarwar ba, don haka nakan ƙara da cewa aikin ya zama alaƙaƙai.

Shuɗi da kore su ne inda harsunan biyu suka fi nisa da juna. “Blue blood” aro ne daga Sifaniyanci, daga manyan gidajen Kastil da ke alfahari da cewa jijiyoyinsu na bayyana shuɗaye a ƙarƙashin farar fata, alamar ba su gauraya da Larabawan Andalus ko Yahudawa ba. Jinin sarauta ke nan a wurinmu, kuma dole a kula kada a kai shi layin farin jini da baƙin jini, waɗanda ke magana a kan ƙaunar jama'a ko ƙiyayyarsu. “Out of the blue” tsawa ce daga sararin da babu hadari, wato kwatsam. “Once in a blue moon” abu ne da ba safai yake faruwa ba, kuma a yau ana kiran cikar wata ta biyu a cikin watan Bature guda da wannan suna, abin da kan zo kusan duk bayan shekara biyu da rabi. Ga mai lissafi da watan Musulunci wannan ba ya ma yiwuwa, tunda kowane wata cikarsa ɗaya ce. Hassada kuma koriya ce a Ingilishi, “green with envy”, saboda tsohon ra'ayin likitocin Girka cewa yawan ruwan matsarmama kan sauya launin fata, kuma marubucin wasannin kwaikwayo na Ingila, Shakespeare, ya ƙarfafa hoton a wasansa na Othello. Wanda aka ce masa “green” a wurin aiki kuwa ɗanye ne, bai goge ba, mu kuma farin shiga muke ce masa.

Na daɗe ina lura cewa salon maganarmu na launi kusan duka a kan uku ya tsaya: fari, baƙi da ja. Muna da farin ciki, farar hula, baƙar magana, jan aiki, jan hali, jan gwarzo, amma da wuya a ji salon magana da aka gina a kan shuɗi ko kore ko ruwan toka, ko rawanin da ya sha baba sosai ma baƙi muke kiransa. Masana biyu, Brent Berlin da Paul Kay, sun nuna a 1969 cewa waɗannan ukun ne harsuna ke fara raɗa wa suna kafin sauran. Ko a cikin ukun ma ba koyaushe muke tafiya tare da Turawa ba. “White lie” ƙaramar ƙarya ce ta kare zuciyar wani, farinta na rashin cutarwa ne, mu kuwa muna da farar ƙafa, wadda camfi ne na rashin sa'a. “Black sheep” shi ne wanda ya fita zakka a gidansu, saboda baƙin ulu ba ya karɓar rini, don haka ba ya daraja a kasuwa. “Black market” kasuwar bayan fage ce, kuma idan man fetur ake magana, 'yan bumburutu sun wadatar.

Akwai kuma 'yan kaɗan da suka shigo Hausa da launinsu, kuma a ganina dalilin shi ne abin da kansa ya iso mana, ba sunansa kaɗai ba. Farar takarda, wadda gwamnati ke fitarwa don bayyana matsayinta a kan rahoton kwamitin bincike, gado ce daga tsarin mulkin Birtaniya, kuma mai sauraron labarai ya san ta. Jan kati ya fi ta karɓuwa. Alƙalin wasa ɗan Ingila, Ken Aston, shi ne ya kawo shawarar katunan bayan ruɗanin da aka samu a wasan Ingila da Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 1966, yana kwaikwayon fitilun hanya, aka kuma fara amfani da su a gasar Meziko ta 1970. Yau har a siyasa ana cewa talakawa sun ba wane jan kati, babu mai neman bayani. Ɗan uwansa mai ruwan ɗorawa bai samu wannan gata ba, domin masu sharhin wasanni sun fi cewa katin gargaɗi, sun yar da launin sun riƙe aikinsa.

Inda har yanzu ake jayayya a ɗakin labarai shi ne “blacklist”. Wasu abokan aiki sukan ce an sa mutum a baƙin littafi, kuma jama'a na fahimta. Ni na fi son a ce an sa shi cikin jerin waɗanda aka haramta wa abu kaza, domin wannan yana tilasta wa mai fassara ya faɗi abin da aka hana mutumin, shiga ƙasa ne ko neman kwangila, wanda shi ne labarin. Su kansu masu harshen sun fara ja da baya daga kalmar: a 2020 hukumar tsaron intanet ta Birtaniya ta sanar cewa ta daina amfani da baƙin jeri da farin jeri a shafinta, ta koma cewa jerin hani da jerin izini.