Ƙananan nebulolin daren sanyi da mutane ke tsallakewa

Duk wanda ya mallaki teleskof, da zarar sanyi ya shigo abu ɗaya yake nufa, nebular Oriyon (nebula gajimaren gas ne a sararin samaniya), M42 kenan a lambar kundin masana taurari, kuma ba laifi don gaskiya tana da kyau. Amma ni abinda ke fitar da ni waje a Disamba da Janairu wasu 'yan ƙananan abubuwa ne da mutane ke bi ta kansu su wuce basu ma san sun wuce ba, wato nebula mai siffar filanet. Ba ruwansu da filanet fa, wato duniyoyin da ke kewaya Rana, William Herschel ne ya gansu a shekarun 1780 zagaye-zagaye masu ɗan kore irin Yuranus da ya gano a 1781, sunan ya bi su har yau. Asalinsu tauraro ne irin Ranarmu da ya tsufa ya kumbura, ya watsar da iskar gas ɗin jikinsa waje, sai ƙwayar cikin mai tsananin zafi ta rage tana haska gas ɗin. Kuma abun baya daɗewa, shekara dubu goma zuwa ashirin gas ɗin ya baje ya ɓace, alhali tauraron ya yi biliyoyin shekaru yana raye.

Abinda yasa nake yawan tallata su ga masu ƙaramin teleskof shine haskensu a dunƙule yake wuri ɗaya. Galaksi kam, wato gagarumin tarin taurari mai nisan gaske, idan kana cikin gari da fitilu ko akwai ɗan hazo to ka haƙura, amma waɗannan ko da farin wata zaka samu masu hasken cikinsu. Matsalar ɗaya ce, ƙanana ne sosai, a zuƙowa (ninkin da teleskof ke ƙara wa abu girma) sau 30 ko 40 kamar tauraro suke sak. Shi yasa nake cewa ku ƙara zuƙowa, kar ku ji tsoro, sau 150, sau 200, in iska ta kwanta ma har 300, suna ɗauka.

Wadda zan ce kowa ya fara da ita itace NGC 2392 a rukunin taurarin Jemini, Herschel ya ganota a 1787. An daɗe ana ce mata Eskimo amma NASA ta daina amfani da wannan sunan a 2020, toh lambar ta ishe mu. Ka nemo tauraron Wasat, ka ɗan gangara kudu maso gabas kamar digiri biyu da ɗan wani abu. A ƙaramar zuƙowa taurari biyu zaka gani kusa da juna, ɗaya tsaf kamar tsinin allura ɗayan kuma ya ƙi tsayawa a fokas duk yadda ka murɗa, toh wannan mai taurin kan ita ce. Girmanta kusan na Jufita ne a gilashin ido. Da madubi mai inci 6 ko 8 a sau 200 zaka fara rabe ɓawo biyu, na ciki mai haske da na waje mai dishi-dishi, da tauraron tsakiya a fili ƙarara. Sai ka gwada wannan: ka zuba wa tauraron ido kai tsaye, gas ɗin zai shanye kamar babu shi, ka ɗan kauda idon gefe kaɗan sai ya kumburo ya dawo. Dalili kuwa tsakiyar ido bata iya ganin haske mai rauni sosai, gefen ido ne gwanin wannan. Wallahi ina iya zama a kan wannan kaɗai ina yi ina maimaitawa har yatsuna su daskare.

Launin kore mai ratsin shuɗi ɗin nan ma da labarinsa. A 1864 William Huggins ya raba hasken wata nebula irin wannan, NGC 6543, ya ga layukan haske da basu dace da kowane sinadari da aka sani ba, har aka zaci sabon sinadari ne aka raɗa masa nebuliyom, sai a 1927 Ira Bowen ya nuna oksijin ne kawai da ya rasa elektron biyu, a wurin da gas ya yi siriri fiye da yadda ake iya samarwa a ɗakin gwaji. Layin mai ƙarfi tsawon zangon haskensa nanomita 500.7 ne, kuma shi filtar OIII, wani gilashin tace haske, ke bari ya wuce ta tare sauran. In kana shakkar wanne ne nebular cikin taurari, riƙe filtar da hannu tsakanin idonka da gilashin, kana sakawa kana cirewa, taurari zasu dushe ita kuma ta tsaya daram.

Daga nan sai M46 a rukunin Pupis, gabas da tauraron Siriyus, maƙwabciyar M47. Tarin taurari ne ƙanana birjik, a gefen arewacinsa kuma ga NGC 2438 zaune kamar zoben hayaƙi. Ido zai ce maka 'yar gida ce amma gudunta ya bambanta da na taurarin tarin, layin kallo ne kawai ya haɗasu. A ganina babu abinda ya kai wannan daɗin nunawa baƙo a duk sararin sanyi. Kudu da ita kamar digiri uku da rabi akwai NGC 2440, ƙarama mai haske, tauraron cikinta ya kai wajen digiri 200,000 na zafi, amma kar ka wahalar da kanka wajen nemansa, ya nutse cikin hasken gas.

Akwai wadda nake girmamawa saboda tarihinta, NGC 1514 a Taurus daf da iyakar Fasiyus. Kafin Herschel ya ganta a Nuwamban 1790 ya fi karkata ga cewa nebula taurari ne masu nisa da teleskof ya kasa rabewa, da ya ga tauraro ɗaya tal da hazo ya kewaye shi daidai wa daida sai ya sauya ra'ayi. A kallo tana da wuya don tauraron ya cika haske yana danne hazon, anan kam sai da filta.

IC 418 a Lepus ƙarƙashin ƙafafun Oriyon, wadda Williamina Fleming ta gano a 1891, 'yar mitsitsiya ce, sakan 12 na kusurwa kacal (sakan 3,600 ne digiri ɗaya), OIII bata yi mata wani amfani sosai, wasu masu manyan madubai suna ganin ɗan ja-ja a bakinta. NGC 1535 a Eridanus ita ma ɓawo biyu gareta, shuɗiya, kamar ƙanwar 2392. M76 a Fasiyus kuma a nemeta da farkon dare kafin ta gangara yamma.

Abu biyu ne ke ɓata kallon nan kuma duka gaggawa ce ke jawo su. Fitar da teleskof daga ɗaki mai ɗumi ka hau kallo nan take, madubin na fitar da zafi hoton na rawa, a babbar zuƙowa kuwa babu abinda zaka gani, bashi kamar minti 30 zuwa awa ɗaya a waje tukunna. Ido ma na buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu, duba waya sau ɗaya ya mayar da kai farko, sai dai jar fitila. Wanda ya gama da waɗannan kuma ya samu wuri mai duhu sosai nesa da fitilu, ya gwada Abell 21 a Jemini ɗin dai, babba ce mai rauni, ita kam ƙaramar zuƙowa take so da filtar OIII, a daren da babu wata.